Kafin a jona wa tokumbon kwamfutar ofis wuta a gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin jan hankalin iyaye da ɗalibai masu sayen kwamfutar tebur ta hannu a Titin Beirut da Farm Centre da Sabon Gari. Yawanci Dell OptiPlex ce, ko HP EliteDesk, ko Lenovo ThinkCentre, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayinsu. Kaya ne masu ƙwari, babu musu. Sai dai don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta rawa aka ƙera su, saboda haka don mai shago ya kunna ka ga Windows ta tashi, ba shi ne ta shirya zaman Kano ba.

Aikin tun a shago yake farawa. Kada sitikar Core i5 ko i7, wato sunan firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ruɗe ka, lambar da ke biye ita ce magana. i5-4570 zubi na huɗu ne, i5-8500 kuwa na takwas. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman zubi na takwas zuwa sama, da kuma TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, ta ishi yaro karatu da rubutu da intanet. Sannan ka sa a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanka: a danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. In ta nemi kalmar sirri, tsohon ofishin ne ya kulle ta. Mai shago ya cire, ko ya canza maka wata.

Wadda aka saya ba a gwada ba, a leƙa bayanta kafin a taɓa soket. Tsofaffin da suka fito daga Amurka wasu na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji, sai ƙauri. Abin haushi kuma, akwatin wutar ƙananan Dell da HP ba irin na kowa ba ne, bakin wayarsa daban, sai an yi yawon neman irinsa sak.

Daga nan sai ƙura. A zare waya, a danne makunni na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita, a buɗe murfi a tsakar gida a hure da bulowa. A tokare fanka da yatsa yayin hurawa, domin gudun da iska ke sa ta na iya kashe ta. Man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa ya bushe tun tuni. A goge shi da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar waken suya a tsakiya, a ɗaure kusoshin a gicciye kaɗan-kaɗan. Wanda ya tsallake wannan zai gane a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: fanka ta yi ta ihu, kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki. Tunda an buɗe, a canza ɗan batirin nan mai faɗi, CR2032. In ya mutu kwanan wata kan koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗuwa, mutane su ɗauka data ce ta ƙare.

Tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sha aiki, kuma ɗauke wuta na saurin lalata shi. SSD (faifan ajiya marar juyawa) mai 256GB da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 8GB su ne kuɗin da ba a nadamar kashewa. A karanta jikin RAM ɗin da ke ciki tukuna, don DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna.

Windows ɗin da ta zo da ita kuwa, ko wadda aka loda a shago cike da manhajojin sata, a share ta ƙaf. A sauko da sabuwa daga shafin Microsoft a filashi mai 8GB. Lasisin yawancin waɗannan kwamfutoci yana cikin bod, wato babban allon cikin kwamfutar, galibi na Windows Pro, kuma da kansa yake kamawa in an hau intanet. Idan ana cikin lodawa ta nuna sunan wani kamfani tana neman imel ɗin aiki, har yanzu tana rajistarsu, sharewa ba ta magani, a mayar wa mai shago.

Galibinsu ba su da Wi-Fi, sai an sayi ɗan makalawa na USB, kuma da yawa ramukan jona allo na DisplayPort da VGA gare su, babu HDMI, sai da mahaɗi kafin su hau talabijin. A ware kuɗin UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko mai 650VA ne, kuma in an tayar da janareto a bari ya daidaita kafin a kunna ta.

Wassalam.
Wasu masu gyaran kwamfuta,
Kano.