A daina tara matakai a manhajojin tsara aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu ƙera manhajoji game da yadda suke jera ayyuka a cikin manhajojin tafiyar da aiki.

Manhajar Jira ta kamfanin Atlassian tana zuwa ne da matakai uku: babban aiki a sama, ayyukan yau da kullum a tsakiya, sai gutsattsarin aiki a ƙasa, kuma sai wanda ya biya kuɗin babban tsari ne zai iya ɗora wani mataki a kan na saman. Ita kuwa Azure DevOps ta Microsoft, tsarinta na Agile, wato salon yin aiki kashi-kashi, matakai huɗu ne, amma tana barin mai kula ya ƙara nasa.

Wannan dama ce ke ruɗar mutane. A wani ofishi da na yi aiki, shugabanmu ya mayar da matakan shida domin kowane sashe ya ga sunansa a allo. Na ga abokin aikina ya kwashe kusan rabin awa da safe yana laluben inda zai rataya gyaran maɓallin biyan kuɗi guda ɗaya, shayinsa har ya huce, daga bisani ya rataye shi a inda bai dace ba, rahoton mako kuma ya fito da gibi.

A ganina, kada a ƙara mataki sai an san wanda zai riƙa duba shi da irin shawarar da zai yanke da shi. Ƙungiyar da ba ta wuce mutum goma ba, matakai uku sun ishe ta.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano