Wasiƙa ga Edita: Lafiyar Fuska a Ƙasar Rana da Ƙura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan batun gyaran fuska, wanda ya zama ruwan dare a shafukan mata na jaridu da shirye-shiryen rediyo da kuma wayoyin 'ya'yanmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Sakkwato, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yawancin shawarwarin da ake yaɗawa ba sa la'akari da yanayin ƙasar da muke zaune, wasunsu kuma lahani suke yi wa fatar da aka ce za su gyara. Ra'ayina shi ne fuska mai lafiya ita ce wadda take sumul, babu kumburi, babu ƙaiƙayi, launinta ɗaya ne daga goshi har wuya, ko mai ita baƙa ce ko wankan tarwaɗa ko fara, kuma ana samun wannan da abubuwa masu araha idan aka haɗa da haƙuri.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san fatarmu tana fama da yanayi biyu masu karo da juna. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke kaɗowa daga hamada ɗauke da ƙura, ta tsotse laimar da ke cikin iska har leɓe ya tsage, kumatu su yi furu-furu, ƙafa ta yi faso. Daga Maris zuwa Mayu kuma sai bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40, gumi da maiƙo su haɗu da ƙura su toshe ƙofofin gashi. Saboda haka wadda take shafa mai iri ɗaya, gwargwado ɗaya, daga farkon shekara har ƙarshenta, dole ɗaya daga cikin lokutan nan biyu ya cuce ta.

Wankin fuska shi ne tushe, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Fatar ɗan Adam tana da wani siririn maiƙo mai ɗan tsami-tsami da ke riƙe ruwa a cikinta, yake kuma hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Sabulu mai kaifi yana kwashe wannan maiƙo, shi ya sa bayan an wanke fuska da sabulun wanki ko sabulun salo mai yawan toka sai a ji fatar ta ɗaure tana ja, mutane kuma su ɗauka alamar tsafta ce, alhali alamar rauni ce. Wanki da sabulu mai laushi sau biyu a rana, safe da dare, ya wadatar, da tafin hannu ba da soso ba, da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba. Mu Musulmi ma Allah ya hutar da mu, domin alwalar salloli biyar tana ɗauraye ƙurar yini da ruwa zalla, babu buƙatar ƙara sabulu a kanta. Wadda ta yi kwalliya da hoda da gazal kuwa, kada ta kwanta sai ta wanke su, ta kuma riƙa wanke rigar matashin kai da hijabin da ke goge mata goshi da haɓa, domin sau da yawa kurajen da ke jeruwa a gefen fuska daga nan suke samo asali.

Da hunturu, a shafa mai tun fuska tana da sauran danshi, kafin iska ta busar da ita, domin aikin mai shi ne ya tsare ruwan da ke jikin fata kada ya fita. Man kaɗanya mai kyau wanda ba a gauraya da komai ba, ko basilin fari marar turare, sun isa, kuma ba su fi ƙarfin aljihun kowa ba. Mai fuska mai maiƙo da yawan kuraje sai ta taƙaita su ga leɓe da wuraren da suka bushe, da bazara kuma ta koma mai marar nauyi.

Rana ita ce ba mu ɗauka da muhimmanci ba, saboda muna ganin baƙar fata ba ta ƙonewa. Gaskiya ne sinadarin da ke ba fatarmu launi kariya ce babba, amma shi ne kuma yake sa duk inda kurji ya fito ko aka ji rauni ya bar baƙin tabo, rana kuma ta ƙara masa duhu ta hana shi gushewa. Haka nan duhun da ke fitowa a kumatu da goshin wasu mata masu juna biyu, rana ce ke ƙara rura shi. Wadda take da hali ta sayi man kariya daga rana mai lambar SPF 30 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa) ko sama da haka, ta shafa da safe, ta sake shafawa idan za ta daɗe a waje. Wadda ba ta da hali ta riƙe laima, ta nemi inuwa, ta rage fita da tsakar rana idan ba dole ba. Manoman albasa na Wurno da Goronyo da suke yini a fadama da malfa a ka sun riga mu gane wannan. Ga 'yan'uwanmu zabiya kuwa, wannan ba zancen kwalliya ba ne ko kaɗan, domin rana tana jawo musu ciwon daji na fata, kuma ya kamata iyayensu su san haka tun suna goye.

Kurajen balaga suna fitowa ne idan maiƙo da matattun ƙwayoyin fata suka toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta suka taru a ciki. Ba ƙazanta ce ke kawo su ba, kuma dirza ba ta korar su. Matsa su da farce shi ke mayar da kurjin kwana biyar ya zama tabon wata shida. Akwai magungunan shafawa da aka tabbatar da amfaninsu, irin su benzoyl peroxide da adapalene, amma suna buƙatar mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga canji sosai, kuma na biyun ba a ba mai juna biyu. Wanda kurajensa suke da girma da zafi, ko suke barin rami a fuska, ya je sashen likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibitin gwamnati, maimakon ya yi ta jarraba abin da abokai suka kwatanta masa. Kyasbi da makero kuma cututtuka ne na daban, ƙwayar cuta irin ta naman gwari ke kawo su, suna da nasu maganin.

Akwai kuma haɗe-haɗen madafa da ake yaɗawa a waya, cewa a matse lemon tsami a fuska, ko a kwaɓa kanwa, ko a ɗiga man goge baki a kan kurji. Ruwan lemon tsami ya fi fata tsami nesa ba kusa ba, kuma idan ya haɗu da hasken rana yana iya ƙona wurin ya bar tabon da ya fi na farko muni. Kanwa da toka kuwa, majemanmu da suka yi suna da fatar jar akuyar Sakkwato sun san abin da ruwan toka yake yi wa fata, da shi suke tuge gashi daga jikinta, don haka ban ga dalilin da zai sa mace ta yi wa fuskarta irin wannan jima ba. Zuma tsantsa ko kurkum kaɗan ba su cika yin lahani ba, amma a fara gwadawa a bayan kunne a jira kwana ɗaya.

Babban abin da ya fi damuna, ya Edita, shi ne man da ake kira haɗi. Ana sayar da shi a cikin robobi marasa suna, babu lambar hukuma, babu jerin abubuwan da ke ciki, babu ranar lalacewa, wani a shagunan kayan kwalliya na kasuwa, wani a gidajen masu gyaran amare, wani kuma ta waya a aiko da shi a mota daga wani gari. Idan aka bincika irin waɗannan mayuka, abubuwa uku ake yawan samu. Na farko magungunan kashe kumburi masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wata cuta takamaimai. Idan aka daɗe ana shafa su sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana kore-kore, nankarwa ta fito a kafaɗa da cinya, kuraje su feso, gashi ya tsiro a fuskar mace, kuma da yake suna ratsawa cikin jini suna iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Na biyu haidirokwinon, sinadarin ƙara hasken fata, wanda idan aka wuce kima da shi yake mayar da kumatu baƙi mai shuɗi-shuɗi, irin baƙin da yake da wuyar magani ƙwarai. Na uku zaiba, wadda take lalata ƙoda da jijiyoyi, take kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa.

Mu da muke aiki a ɗakunan marasa lafiya muna gane mai shafa haɗi tun kafin ta buɗe baki. Fuska ta yi ja kamar an yaɓa mata ruwan zafi, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, bayan kunne da wuya launinsu daban. Idan muka tambaya, amsar da muka fi ji ita ce, "Ni ba bilicin nika yi ba, gyaran jiki na." Da yawansu gaskiyarsu suke faɗi, domin wadda ta sayar musu ce ta ce musu haɗin gargajiya ne na zuma da madara. Wahalar takan bayyana ne ranar da aka zo ɗinkin haihuwa ko tiyata, fatar ta ƙi riƙe zare, raunin ya daɗe bai warke ba. Abin da ya fi ɗaure wa mace kai shi ne idan ta daina shafawa rana ɗaya, fuskar sai ta yi zafi ta feso da kuraje ta yi duhu, sai ta koma wa robar da gudu tana ganin ita ce magani. Irin wannan sai an janye a hankali ƙarƙashin kulawar likita, kuma yakan ɗauki watanni. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Ba ƙaramar matsala ba ce. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya ambata cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, kuma a shekarar 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Sai dai ni ban ɗora laifin a kan 'yan mata kaɗai ba. Muddin dangin ango za su riƙa leƙa fuskar amarya suna auna haskenta, muddin samari za su riƙa cewa su sai fara, to mai haɗi ba za ta rasa ciniki ba. Har jarirai ake shafa wa yanzu, su da fatarsu ta fi ta manya saurin zuƙe duk abin da aka ɗora mata. Dilka da halawa da turaren jiki da iyayenmu suka sani ba su ne abin zargi ba, sai dai uwar amarya ta zauna ta ga abin da ake kwaɓawa da idonta, ta kuma ƙi yarda da duk wadda ta yi alkawarin canza launin ɗiyarta cikin mako biyu.

Game da abinci ba zan tsawaita ba. Zogale da rama da yakuwa da karas da gwanda da kankana da wake da kifi da ƙwai duk suna cikin kasuwanninmu, kuma su fata take buƙata don ta sabunta kanta. Yawan sukari da lemon kwalba yana iya tsananta kuraje, shan ruwa isasshe wajibi ne a zafin garin nan ko da yake shi kaɗai ba ya goge tabo, rashin barci da hayaƙin taba da shisha kuma a fuska suke fara nunawa. Matar da ta ga fuskarta ta koɗe bayan haihuwa, tana jiri da saurin gajiya, gwajin jini take buƙata ba sabon mai ba. Su ma maza su lura, kurajen da ke fitowa a haɓa da ƙeya bayan aski yawanci gashi ne yake lanƙwasawa ya koma cikin fata, maganinsu shi ne a daina ƙwalƙwale gemu har saiwa, kuma kowa ya riƙa zuwa wurin wanzami da askarsa ko injinsa.

Roƙona ga wannan jarida shi ne, kafin a buga duk wani haɗin gyaran fuska a shafin mata, a nuna wa likitan fata ko masanin magunguna ya duba, a kuma daina karɓar tallar mayukan da ba su da lambar rajistar NAFDAC. Ina kuma kira ga ofishin hukumar da ke nan jihar da ya riƙa zagaya shagunan kayan kwalliya da gidajen gyaran amare, musamman bayan kaka da gabanin azumi lokacin da bukukuwan aure suke yawaita, ya ɗebi samfurin waɗannan robobi ya gwada, sa'an nan ya sanar da sakamakon a gidajen rediyo da harshen Hausa da Fulatanci.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Unguwar Mabera, Sakkwato.