Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban ECWA: A Duba Shekarar Farko Bayan Baftisma

Baba Shugaba, ranka ya daɗe,

Muna gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, kai da dukan ma'aikatan hedkwatar ikklisiyar ECWA a Jos. Mu malaman ajin baftisma ne da na Makarantar Lahadi, kuma magana ɗaya ce ta kawo mu: halin da sabon mai bi yake shiga daga ranar da ya fito daga ruwa.

Kafin baftisma ana ji da shi. Yana zuwa aji, yana haddace amsoshi, dattawa su zaunar da shi su yi masa tambayoyi. Ranar baftisma a sha waƙa, a rubuta masa kati, ya fara cin Jibin Ubangiji. Daga nan sai shiru. A wurare da yawa ba a ƙara kiran sunansa sai ranar da za a sa shi ƙarƙashin horo, ko ranar rabon ambulan ɗin gini. Alhali umarnin da ke Matiyu 28:19-20 bai tsaya a baftisma ba, ya haɗa da koya wa mutane kiyaye abin da Ubangiji ya umarta. Mako ɗaya awa 168 ne. Ko sujada ta ci awa uku, saura 165 a gona ake yin su, a kasuwa, a ofis, a kan babur, a tsakar gida, kuma can ne bin Yesu da zuciya ɗaya yake tabbata ko ya rushe.

Roƙonmu shi ne ikklisiya ta mai da shi ƙa'ida: duk wanda aka yi wa baftisma a danƙa shi a hannun wani tsayayyen mai bi har shekara guda. Jagora ɗaya, mutum huɗu ko biyar, maza da namiji, mata da mace. A haɗu sau ɗaya a mako, awa ɗaya, a gidan ɗaya daga cikinsu. Minti goma na farko a tambayi kowa alkawarin da ya ɗauka makon jiya, ya cika ko bai cika ba. Minti goma sha biyar a karanta nassi sau biyu da murya. Minti ashirin da biyar a tattauna tambaya uku: me ya faɗa a kan Allah, me ya tona a kaina, me zan yi kafin mu sake haɗuwa. Goma na ƙarshe addu'a, ana kiran kowa da sunansa.

Abin karatu ba sai an kafa kwamiti ba. Markus sura 16, mako 16. Matiyu 5 zuwa 7, mako shida. Yakubu biyar, Afisawa shida, Filibiyawa huɗu. Jimla mako 37. Sauran 15 na shuka ne da girbi da Kirsimeti da makoki, domin tsarin da bai san damina ba tun watan Yuni yake mutuwa.

Tambaya ta uku ita ce ƙashin bayan aikin, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Idan mutum ya ce "zan ƙara ƙaunar Allah", jagora kada ya karɓa, don ba yadda za a duba wannan mako mai zuwa. Ya matsa masa har amsar ta sauko ƙasa. Mai sayar da masara da ke da mudu biyu, mai zurfi na saye da wanda aka buge wa gindi na sayarwa, ya karanta Maimaitawar Shari'a 25:13-15, ya faɗi ranar da zai jefar da na biyun. Mai tumatir da ke jera manya a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa, haka. Manomin da 'yan ƙwadago suka yi masa noma tun safe ya ce su dawo ran kasuwa, ya dubi 24:15 na littafin nan da Yakubu 5:4, ya biya kafin rana ta faɗi. Bakaniken da ke wanke tsohon fulogi ya caji kuɗin sabo, ma'aikacin da ke sa hannu a rajista ƙarfe takwas ya ɓace, ɗalibin da ya biya kuɗin satar jarrabawa, maigidan da ke jagorar waƙa a majami'a amma matarsa ba ta san abin da yake samu ba, kowa akwai nasa. Maƙwabcin da ba zai taɓa jin wa'azin fasto ba ya san nauyin mudunmu sarai.

Ga inda irin wannan aiki yake lalacewa. Da zarar mutane sun wuce takwas, masu kunya sun yi gum, jagora ya koma wa'azi, an sami ƙaramar sujada ke nan. A raba su tun suna bakwai. Kuɗi kada ya shigo ko kaɗan, ba baiko ba adashe, domin wanda ake bi bashi shi ne farkon daina zuwa. Asiri kuma: mutum ya faɗi rauninsa ran Talata, ran Alhamis ya ji shi a bakin rijiya da sunan "abin addu'a", ba shi ba ƙara buɗe baki. Jagoran da ya yi haka a sauke shi. Kada kuma a zaɓi jagora don muƙami ko iya magana. Gwauruwar da duk unguwa ta shaida ba ta cin bashi ta hana ta fi mai digirin tauhidi da ba ya gaida ƙanensa saboda rikicin gona.

Akwai batun harshe. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, amma yau matasa da yawa suna riƙe da na Turanci ba su gane shi sosai, na Hausan kuma ba su iya karanta shi da sauri. Ga Bajju, Atyap, Gbagyi ko Tangale, Hausar ma harshe na biyu ce. A bar kowane rukuni ya tattauna da harshen da ake faɗa da shi a gida. Wanda bai iya karatu ba a sa masa na saurare a waya. Masu tafiya ci-rani da ɗalibai masu komawa makaranta a ba su wasiƙa zuwa ikklisiyar da za su, jagora kuma ya riƙa kira.

Baba, ba baƙon abu muke kawowa ba. Cikin 'yan mishan na farko da aikinsu ya haifi ECWA, Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent a Bida, duka a 1894, ba su ga ko ikklisiya ɗaya ba. Sai 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga baya manoma da matan Zumunta ne suka kai bishara ƙauye ƙauye, ɗaya yana koya wa ɗaya, yadda 2 Timoti 2:2 ya tsara.

Abu uku muke roƙo daga ofishinka. A gwada tsarin shekara ɗaya a gundumomi uku, ta birni da ta karkara da ta filin EMS, wato ƙungiyar mishan ta ECWA. A sa makarantun tauhidi na Jos da Kagoro da Igbaja su koya wa ɗalibai yadda ake horar da jagorori cikin kwana biyu. Sannan a takardar rahoton shekara, kusa da yawan waɗanda aka yi wa baftisma da jimlar zakka da baiko, a ƙara layi biyu: cikin na bara nawa ne har yanzu suke zuwa, kuma wa yake riƙe da kowannensu.

Allah ya ƙara maka lafiya da hikima.

Naka cikin Almasihu,
Wasu malaman ajin baftisma da Makarantar Lahadi