Amsa ga Alhaji, abokin sana'ata: dalilin da nake rufe keken ɗinki kafin Kirsimeti

Alhaji, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

A taron teloli da muka yi a unguwar Asawase ta Kumasi ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni abin da ya sa nake daina karɓar ɗinki tun tsakiyar Disamba, alhali lokacin ne kasuwa ke ci, kuma bikin ma namu ne mu Kirista. Lokaci ya ƙure ran nan ba mu ƙarasa ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Ka san yadda Kumasi take a wannan wata. Daga kasuwar Kejetia zuwa unguwar Adum babu masaka tsinke, lasifika na tashi a kowane shago, tashoshi sun cika da masu zuwa Tamale da Bolgatanga da Wa. A Accra kuwa, tun shekarar 2019 da gwamnati ta gayyaci 'yan asalin Afirka mazauna waje su dawo ziyara, Disamba ta zama watan kiɗa da baƙi. Ba na ƙin wannan, mutane da yawa a nan suke samun kuɗin makarantar yara. Abin da ke damuna shi ne tela Kirista da zai kwana a kan keke har daren 24 ga wata, ya shiga coci ranar 25 idanu jawur, ya yi ta gyangyaɗi ana karanta labarin haihuwar Ubangijinsa. Ya yi wa kowa kayan biki, shi kuma bikin ya wuce shi.

Gare mu Kirista abin da ake tunawa babba ne. Mun gaskata cewa a cikin Yesu Almasihu Allah ya zo ya zauna a cikinmu. Na san a nan muka rabu da ku, ko da yake kuna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, har sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. Amma ka dubi yadda Luka ya ba da labarin a sura ta 2 ta Linjilarsa. Kaisar Augustus ya ba da umarnin ƙidaya, kowa ya nufi garinsu. Yusufu ya taso da Maryamu tana da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100. Gari ya cika da baƙi, babu wuri a masauki, ta haihu ta kwantar da jaririn a komin dabbobi. Mutanen Baitalami ba mugaye ba ne, hidima ce ta sha kansu. Waɗanda albishir ya iske makiyaya ne da ke zaune a fili da dare suna tsaron garke. Da aka kai yaron Haikali, tsuntsaye biyu iyayensa suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci ya yarje wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Luka ya kuma ce Maryamu ta riƙe waɗannan abubuwa tana ta juya su a zuciyarta.

Wannan juyawar a zuciya ba ta yiwuwa da gaggawa, Alhaji. Shi ya sa coci ta ware Lahadi huɗu kafin Kirsimeti a matsayin lokacin jira da tuba, kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya. Kai ma ka san irin wannan. Sau nawa na ji ka kana kukan yadda ɗinkin Sallah ke cinye wa teloli goman ƙarshe na Ramadan, wasu na tahajjud su kuma suna guga?

Idan na rufe keke, da yamma nakan tara yara mu karanta labarin kaɗan-kaɗan, su yi tambaya in amsa. Nakan je gaida tsofaffin cocinmu da ƙafa ta hana su fita. Kuma ido yakan buɗe ga abin da gudu ke ɓoyewa. Akwai 'yan matan arewacin Ghana masu dako a Kejetia. Na taɓa tsayawa kusa da wata da sassafe cikin hunturu, ta kife babban kwanonta ta zauna a kai, goyo a baya, leɓunan jaririn sun tsage don sanyi, tana shafa masa man kaɗe da ɗan yatsa. A bakin shago suka kwana. Wanda ya karanta cewa babu wuri a masauki, ya kuma wuce wannan yarinya da gudu don ya sayo zare, bai ji abin da ya karanta ba. Ragowar yadin da ke shagona yanzu rigunan sanyi nake yi wa irin waɗannan jarirai, a natse, babu mai tsaye a kaina.

Asara kam akwai, ba zan ɓoye maka ba, kuma ba na zargin telan da bashi ya hana shi yin haka. Ni dai na ga zan iya ɗauka.

Waɗanda na mayar da ɗinkinsu, shagonka nake turo su, na san hannunka. Ranar 26 kuma hutu ce, ina jiran ka da Hajiya a gida. Ka zo da wuri, don kai za ka yanka kajin.

Naka,
abokin sana'arka a Asawase