Rahoton shekara kan zaman taimakon juna na masu barin giya a Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa mambobi. Ga abin da kwamiti ya tattara game da aikin bana.

Zaman mako-mako ya ci gaba a wuri biyu: gefen Bukoki ranar Asabar bayan la'asar, da Harobanda ranar Laraba bayan isha'i, domin mutanen ƙetaren kogi sun daɗe suna kukan kuɗin taksi da cunkoson gadar Kenedi. Tsarin yana nan yadda kuka san shi. Awa ɗaya da rabi ne, mai jagorar ranar ya karanta ƙa'idoji, kowa ya samu minti biyar, ba a katse mai magana kuma ba a yi masa wa'azi. Laƙabi ya isa, waya a kashe. In an wuce mutum 12 sai a rabu gida biyu, don in taro ya yi yawa masu kunya ba sa buɗe baki. Rufin asiri da alkawarin "yau kaɗai ba zan sha ba" mun aro su ne daga tsarin Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu barin giya da aka fara a Akron ta Amurka a 1935.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne hanyar da sabon mutum zai bi ya iso. Takardar sanarwa mai ɗauke da kwatancen wuri ba ta kawo kowa, kuma dalilin a fili yake: a unguwa, duk wanda aka ga ya shiga ƙofar an gama sa masa suna. Don haka muka koma ƙaramin kati mai lambar waya kaɗai, muna barinsa hannun ma'aikatan asibitin unguwa, masu kantin magani, da wasu limamai da fastoci. Wanda ya kira, tsohon mamba ne zai tare shi a mararraba minti 15 kafin a fara, su shigo tare kamar abokan hira. Ba a tilasta masa magana. Kafin kwana biyu a kira shi a ji yadda ya kwana, a kuma roƙe shi ya zo sau shida kafin ya yanke ko zaman ya yi masa. Mata suna da nasu zaman da hantsi, mace ke jagora, mace ke ɗaukar waya.

Dandalinmu na WhatsApp an rufe shi, saboda lamba da hoton kowa suna bayyana, ga shi waya ɗaya takan zaga hannun mata da ƴaƴa. Yanzu saƙo ɗai-ɗai ake aikawa: "akwai shayi gobe".

Akwai abin da muke so kowa ya riƙe da kyau, domin rai ne a ciki. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke rana ɗaya, jiki na iya tayar masa. Cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu, zufa, amai da rashin barci. Cikin kwana biyun farko farfaɗiya na iya zuwa. A kwana na biyu zuwa na huɗu ne ake tsoron ruɗewa mai tsanani, mutum ya riƙa ganin abin da babu, ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri. Wannan yana kisa in ba a kai asibiti ba. Farkon azumi ne aka fi faɗawa cikin haka, don mutane da yawa suna tuba ranar ganin wata, ga ƙishirwa ga zafin Yamai. Niyya ce mai kyau, amma mai irin wannan sha ya fara ganin likita makonni kafin Ramadan. Likita ne zai ba da maganin da ke kwantar da jiki da bitamin B1 mai kare ƙwaƙwalwa. Kada kowa ya sayo tramol ko ƙwayar barci wurin masu talla. Tramol kansa yana jawo farfaɗiya. In wani ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki, a nemi mota. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Komawa sha ta fi yawa a ƙarshen wata da bayan Salla. Ba mu kori kowa ba. Wanda ya zo da wari ya zauna ya saurara, maganarsa sai mako na gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa kowa ke tsara nasa shirin ranar albashi: wa zai riƙe masa kuɗin, wace hanya zai bi gida, wa zai kira in magariba ta yi masa nauyi.

Gudummawa dala ashirin ce ga mai hali, tana tafiya a shayi, sukari, gawayi da ruwa. Ba a ba da bashi daga asusu, don mai bashi yakan daina zuwa.

Badi muna son buɗe zama na uku wajen Talaje. Ana neman ɗaki ko rumfa da ƙofarta ba ta kallon fadar samari, da mutum biyu da suka cika shekara ba su sha ba don su riƙe wurin. Mai niyya ya sanar da sakatare kafin babban taro.