Rahoton Ayyukan Shekara ga Iyayen 'Yan Sikawut Ɗinmu

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Baba Shugaba ya ce in taƙaita rahoton bana, wai wasu sun yi ƙorafin na bara ya yi tsawo. Zan kwatanta. Sai dai waɗanda ba su karanta na bara ba na san su, kuma ba tsawo ne ya hana su ba.

Mun yi zaman wata-wata ta Zoom kamar yadda aka saba, biyu suka watse don ba mu cika adadi ba. An sabunta rajistar yara a kan lokaci.

Sai maganar kuɗi, wadda ba na son yi amma babu mai yi in ban yi ba. Hajiya Ma'aji za ta kawo lissafi dalla-dalla a zama na gaba, amma ga shi a dunƙule: waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya cif ba su kai rabinmu ba. Akwai waɗanda suka biya wata uku suka yi shiru, akwai waɗanda ko sau ɗaya. Na tura saƙo a zauren WhatsApp, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta kai wani in ya ga kirana sai ya bari ta tsinke, can da dare ya rubuto "in sha Allahu gobe". Goben nan tun watan Maris muke jiran ta. Wanda yake cikin matsi ya faɗa wa Hajiya a asirce, ba a taɓa tona asirin kowa ba, kuma akwai tanadi domin haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda bai biya ba, bai ce komai ba, amma shi ne kan gaba wajen tambayar ina aka kai kuɗi.

To ga inda aka kai su, da kuma inda ba su isa ba.

Tantuna huɗu da muka yi alkawarin saye, biyu muka saya. Ba mantuwa ba ce. Da muka ga asusu ba zai ɗauki tantuna da tafiyar bazara gaba ɗaya ba, kwamiti ya zaɓi tafiyar, domin a Philmont, sansanin 'yan sikawut na Amurka da muka je, ana ba ayari tanti da tukwane aro, amma babu mai ba ka kujerar jirgi aro. Rigunan ayari da tuta su ma sun tsaya, kuma wannan ba laifin kowa ba ne: mun gama zane ke nan uwar ƙungiya ta sauya suna, daga Boy Scouts of America ta koma Scouting America tun 8 ga Fabrairun 2025, sai zanen ya buƙaci gyara. Wanda ya yi mana shi kyauta ya yi, ba zan iya tsare shi da kira kamar mai bina bashi ba. Horon taimakon gaggawa na daji da muka so iyaye shida su yi, uku suka je. Philmont ba ta karɓar ayari sai da masu shaidar wannan horo da na farfaɗo da numfashi, don haka su ukun nan ne suka fitar da mu kunya. Allah ya saka musu.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa bana ta zama bana.

Kun tuna gardamar da aka tafka a zaman Janairu. Tafiyar daji kwana 12 ce, kowa ya amince da ita. Abin da ya raba kawuna shi ne kwana ukun da muka ce a ƙara a gaba, yara su zaga jihar Kolorado tare da ɗan jagora kafin su shiga daji. Wani babanmu ya ce wannan yawon shan iska ne da kuɗin jama'a, a sauke su a filin jirgi a wuce da su sansani kai tsaye. Ban ji haushinsa ba, domin a takarda haka abin yake kama. Amma ni na raka su, kuma gani ya kori ji.

Yaranmu kusan duk a ƙasa-ƙasa suke zaune, daf da matakin teku. Denver da muka sauka tana kan tudun mita 1,609. Colorado Springs inda muka kwana ta kai kusan 1,840. Sansanin Philmont da ke kusa da garin Cimarron a Niyu Meziko yana wajen mita 2,000, kuma daga nan hawa ake yi, har ƙololuwar dutsen Baldy mai mita 3,792. Ciwon tudu, wato ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, yakan fara kama mutum ne daga wajen mita 2,500, musamman wanda ya hau da gaggawa. Maganinsa na farko shi ne jiki ya kwana biyu a tudu matsakaici kafin a ɗora masa kaya. Ko da a ɗaki muka kulle su kwana ukun nan, da sun amfana. To tunda dole a jira, gara a jira ana kallon abin kallo.

Ranar farko ɗan jagoran bai bari sun yi komai mai nauyi ba. Ya kai mu Garden of the Gods, wurin nan mai jajayen duwatsu a tsaye kamar an kafa su da hannu. 'Ya'yan wani attajirin jirgin ƙasa, Charles Elliott Perkins, ne suka ba birnin filin a 1909 bisa sharaɗin kowa ya shiga kyauta har abada, kuma har yau haka ake yi. Tafiya ce ta ƙafa a hankali, amma ya ce kowa ya sa takalmin da zai shiga daji da shi. A nan asiri ya tonu. Yara biyu takalmansu sababbi ne dal, ba a taɓa taka ƙasa da su ba, duk da mun yi wata huɗu muna roƙon iyaye a bar yara su saba da takalmi. Kafin la'asar ƙafar ɗaya ta fara ɗurar ruwa. Da a daji wannan ta faru, da wani labari ake yi. A gari kuwa aka wanke, aka liƙe, aka sauya safa, ya samu kwana biyu ƙafar ta huce.

Rana ta biyu muka hau Pikes Peak a jirgin ƙasa mai haƙora da ke tashi daga Manitou Springs. Ƙololuwar mita 4,302 ce, ta fi Baldy tsawo, kuma iskar da mutum ke shaƙa a can ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na ta bakin teku ba. A ƙasa yara suna ta zufa, suna yi wa ɗan jagora dariya da ya ce a ɗauki rigar sanyi a tsakiyar bazara. Da aka buɗe ƙofa a sama babu wanda ya sake dariya. Ya bari suka ɗan ji a jikinsu, sannan ya gaya musu duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi, su yi lissafin da kansu. Mun sha faɗa musu wannan a zaman horo, ta kunnen dama ta shiga ta hagu ta fita. Minti biyar a kan dutse ya zaunar da ita. Yara uku suka yi ciwon kai, aka ba su ruwa, muka sauko, ya sake su. Muka rubuta sunayensu, muka san waɗanda za a sa wa ido ranar Baldy. Ni ma kaina ya sara, amma ban rubuta nawa ba.

Abin da ya fi burge ni da mutumin nan shi ne bai ɗauke wa yaran aiki ba. Tun ranar farko ya miƙa wa shugaban ayari, yaro ɗan shekara 16, jadawali da taswira, ya ce shi zai ƙirga mutane a duk tasha, shi zai tayar da su, mu manya mu koma baya. Wannan shi ne tsarin tun 1907 da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya kai yara 20 tsibirin Brownsea ya raba su ƙananan rukunoni, kowanne da yaro a gaba. Safiyar farko mun makara da rabin awa, bakina ya yi ta ƙaiƙayi, na danne. Safiya ta uku su suka ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Daren ƙarshe aka zazzage kowace jakar goyo a ƙasa. Ka'idar da muka bi ita ce kada jaka ta wuce kwata na nauyin mai ɗauka, in ta yi yawa sulusi, kuma sai an bar wa ruwa da kayan ayari wuri. Abin da muka cire ya cika akwati guda: wanduna masu kauri, turare, har da fitila mai girman tulu. Iyaye mata, na san ƙauna ce, amma a wuyan yaron za ta hau dutse.

Washegari muka bi babbar hanya kudu, muka tsallaka mashigin Raton, cikin awa uku da ɗoriya muka isa Philmont. Filin nan wani attajirin man fetur daga Oklahoma, Waite Phillips, ya fara bayar da shi a 1938, ya ƙara a 1941, yau ya haura eka 140,000. Jami'in da aka haɗa mu da shi ya raka mu kwanakin farko, ya koya musu rataye duk wani abu mai ƙamshi a igiya tsakanin itatuwa saboda dabbar beya, da tace ruwa, da tashi tun duhu don a sauko daga tudu kafin hadarin yamma mai tsawa. Ya sake duba jakunkuna bai samu abin cirewa sosai ba. Yaranmu tara da manya uku duk suka taka ƙololuwar Baldy, suka yi awa uku na aikin gyaran daji da ake buƙata kafin a ba mutum bajon kammala tafiyar, suka sauko ta gefen dutsen Tooth of Time ranar ƙarshe. Ba a mayar da ko ɗaya sansani ba. Yaron nan da ƙafarsa ta ɗuri ruwa shi ya riga kowa isa.

Babanmu da ya yi gardama a Janairu ya kira ni bayan mun dawo, ya ce jikansa ya ba shi labari har dare ya raba, ya kuma cika ragowar kuɗinsa a ranar. Da kowa haka yake da ban rubuta rabin takardar nan ba.

Game da tafiya ta gaba: ana neman gurbi a Philmont tun fiye da shekara guda kafin lokaci, kuma da kuɗin kafin alƙalami ake riƙe shi. Ba za mu sake cire shi daga aljihun mutum uku kamar yadda aka yi wannan karo ba, har yanzu biyu daga cikinsu ba a mayar musu ba. Yaro sai ya cika shekara 14, ko 13 in ya gama aji takwas, kuma sai da takardar likita. Muna kuma neman manya biyu sababbi da za su yi rajista su kammala horon kare yara na intanet. Mutum bakwai sun ɗaga hannu bara, ɗaya ya gama.

Wa'adina na sakatare ya ƙare tun watan jiya, ina riƙe ne don ba a samu wanda ya fito ba. Za a yi zaɓe a zama na gaba, Asabar ta farkon wata bayan la'asar. Mai bashi ya tura wa Hajiya Ma'aji kafin ranar, kuma wanda ya ari murhun ayari tun bazara don Allah ya dawo da shi.

Wassalam,
Sakatare