Roƙon tallafi daga kwamitin masallacin unguwa kan yaranmu da shaye-shaye ya kama

Assalamu alaikum jama'a, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na gida da waɗanda nema ya kai Legas, Abuja ko Saudiyya. Kwamitin masallaci ne ya ce a rubuto wannan, dan Allah a daure a karanta har ƙarshe kafin a tura gaba.

Maganar dai ba sabuwa ba ce, duk wanda ke bin lungun bayan makarantar Islamiyya da sassafe ya san abin da ake sharewa, kwalaben sirof ne a cikin kwata, fatun ƙwaya, guntayen wiwi, wani lokacin har tsumman sholisho. Kuma ba baƙi ke zuwa su zubar ba, 'ya'yanmu ne, wasunsu a nan suka yi sauka muka ci shinkafar walimarsu. Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin duk mutum huɗu ɗaya mace ce, saboda haka masu cewa ai matsalar samari ce kawai su sake tunani, akwai matan aure akwai 'yan mata. A shekarar ne ma gwamnati ta hana yin sirof mai kodin da shigo da shi bayan binciken BBC, toh me ya faru, kwalba ta yi tsada sai aka ƙara ruɗewa kan tiramadol da ekzol da sauransu.

NDLEA suna nasu ƙoƙarin, suna kamawa suna ƙonawa, Hisba ma haka, mu kuma liman ya yi huɗuba ya sake yi. Amma gaskiya wa'azi kaɗai ba ya cire ƙwaya daga jikin wanda ta riga ta kama. Yaro zai zo ya yi kuka ya rantse ya daina, kuma wlh da gaske yake, kwana biyu sai jiki ya hau rawa, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi kamar ana sara masa ƙashi, barci ya gagara, sai ya koma. Wanda ya zarce da tiramadol kuma yakan faɗi yana shure-shure kumfa na fita, a gida a ce aljanu ne a yi ta hayaƙi. Ba mu hana addu'a da ruƙiyya ba, mu ne ma masu yi, amma wannan yana buƙatar likita ya bi shi a hankali da magani da zaman shawara. Nan Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na tarayya da ke Barnawa. Kati, gwaji, gado, magani, kuɗin mota na mai jinya, babu wanda ke zuwa kyauta.

Gidan mari kuwa mun zauna mun yanke ko sisi ba za mu kai can ba. Kowa ya ga abin da aka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ce ta sa su ba, rasa yadda za su yi ne, shi ya sa muke so a samu wata ƙofar.

Sai waɗanda ba a cika maganarsu ba, mutanen gidan. Akwai uwa a unguwar nan da take kwana da kuɗin cefane ƙulle a bakin zani, ta sa wa ɗakinta kwaɗo ko banɗaki za ta shiga, don dutsen guga ya tafi, tukunyar gas ta tafi, har atamfar da ta ajiye ta fitar biki. Kuma in kun haɗu a gidan suna za ta ce maka lafiya lau yake yana kasuwa, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, tana tsoron kar a ƙi auren ƙannensa mata. Akwai matar da mijin ke jan adaidaita, ya fara shan ƙwayar wai don ya jure aiki, yanzu mai mashin ya karɓe abinsa, yara uku sun daina zuwa makaranta saboda kuɗin wata. Waɗannan me suka sha?

Mun san akwai masu cewa shi ya jawo wa kansa, me zai sa in ba da guminna. An faɗa mana a fuska ma. Amsar da liman ya bayar ita ce a zamanin Annabi SAW an kawo wani da ya sha giya aka yi masa haddi, wani ya yi masa mummunar addu'a, sai Annabi ya hana, ya ce kar ku zama masu taya Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Kuma ko ta fuskar son kai aka duba, yaron da aka kora daga gida ba ƙaura yake yi ba, kango yake komawa, shi ne gobe zai tare 'yarka ya ƙwace waya.

Abin da za a yi da kuɗin, na farko jinyar wanda shi da kansa ya yarda zai je asibiti, kuma kuɗi ba ya shiga hannunsa ko na danginsa, ɗan kwamiti ne zai je ya biya ya kawo rasit. Sannan hatsi da kuɗin makarantar yara ga gidajen da mai nema ke kwance. Sai kuma bayan an sallamo shi, wanda a ganina nan ne aka fi yin asara, mutum ya fito garau ya dawo majalisar da ya bari, ba aikin fari ba na baƙi, wata ɗaya an koma gidan jiya. Don haka muna neman masu shago, tela, kafinta, mai walda, mai gyaran waya, ku karɓi yaro ɗaya, kwamiti zai riƙa ba shi kuɗin mota da na abincin rana kuma akwai dattijon da zai riƙa leƙa shi. Wani zai zame ya koma, ba za mu ɓoye muku ba, in ya dawo za mu sake karɓarsa.

Ba sai mai kuɗi ba, naira 500, 1,000, kwanon masara ko gero, tsohon keken ɗinki da ke jibge a soro, duk muna so. Mai son fitar da zakka ya ga liman tukuna ya nuna masa gidajen da suka cancanta. Likita ko nas ko wanda ya karanci harkar ƙwaƙwalwa in zai ba mu awa ɗaya ran Asabar ya yi wa ɗaliban Islamiyya bayani, Allah Ya saka masa.

Ana karɓa a hannun ma'aji bayan sallar Juma'a da kuma bayan isha'i kullum, a tabbatar an karɓi rasit, mai son turawa ta banki ya karɓi lambar asusu a wurinsa kai tsaye, kar a tura wa duk wata lamba da aka gani tana yawo a WhatsApp. Ƙarshen kowane wata za a manna lissafin shiga da fita a allon ƙofar masallaci amma ba za a sa sunan kowane gida ba. Uwar da ke da irin wannan damuwar kuma ba sai ta zo masallaci ba, ta samu shugabar malamai mata a Islamiyya bayan an tashi ajin matan aure, magana za ta tsaya a tsakaninsu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya mayar wa kowa da ninkin abin da ya bayar.

Sakatare, a madadin kwamitin masallaci